Ƙwallo a Jar Ƙasa: Tarihin Taron Wasanni na Yuendumu

A shekarar 1946 gwamnatin Ostareliya ta kafa wurin rabon abinci a Yuendumu, kimanin kilomita 290 arewa maso yamma da garin Alice Springs, a bakin hamadar Tanami. Akasarin waɗanda aka tara a wurin 'yan ƙabilar Warlpiri ne, ɗaya daga cikin ƙabilun asali na ƙasar. Makiyayan Turawa da masu haƙar zinariya sun riga sun mamaye musu rijiyoyi, kuma tsofaffinsu ba su manta da kisan kiyashin Coniston na 1928 ba, wanda aka yi ba nisa da nan. Bayan shekara guda 'yan mishan na Baptis suka iso. Dokar jin daɗin jama'a ta 1953 kuwa ta mayar da kusan duk ɗan asalin Yankin Arewa, inda Yuendumu take, tamkar maraya a hannun hukuma: ita ke faɗin inda zai zauna, da aikin da zai yi, da inda ƙafarsa za ta iya takawa.

A cikin wannan ƙunci ƙwallo ta shigo. Ba irin tamu ba ce. Ƙwallon Ostareliya doguwa ce mai siffar ƙwai, mutum 18 ke bugawa a kowane ɓangare, ana kama ta da hannu ana kuma harba ta da ƙafa, a kowane ƙarshen fili akwai sanduna huɗu, wanda ya ratsa ta tsakanin na tsakiya ya ci maki shida. A ƙarshen shekarun 1950 aka turo wani saurayi, Ted Egan, ya zama jami'in da ke kula da Yuendumu. Shi ya koya wa samari wasan, shi ne kuma ake danganta wa fara gayyato sauran matsugunai domin a kara. (Egan ya yi suna daga baya a waƙa, har ya riƙe muƙamin kantoman Yankin Arewa daga 2003 zuwa 2007.) Ƙungiyar garin ta ɗauki suna Magpies, da riga mai ratsin baƙi da fari irin ta kulob ɗin Collingwood na Melbourne.

Manufar hukuma a wancan zamani a fili take: a narkar da waɗannan mutane cikin rayuwar Turawa. Wasa na koyar da bin lokaci da bin umarni, saboda haka ba ta ga laifinsa ba. Sai dai mutanen sun ga wata ƙofa da hukuma ba ta lura ta buɗe ba. Tun kaka da kakanni ƙabilun hamada kan yi doguwar tafiya su haɗu domin bukukuwa, da shirya aure, da sasanta rigingimu, kuma tsare su a matsugunai ya datse yawancin wannan. To ga shi an sami dalilin tafiya wanda jami'i zai sa wa hannu. Aka riƙa cika manyan motoci da mutane daga Papunya da Warrabri da sauransu, da sunan raka 'yan wasa. Wanda ya shekara bai ga ƙanwarsa ba ya gan ta, dattawa suka zauna suka yi maganar da ta fi ƙarfin wasiƙa. A ganina wannan ne ya raya taron, domin abubuwa da yawa da aka ɗora wa mutanen a lokacin sun mutu da tafiyar waɗanda suka kawo su, shi kuwa ya zauna.

Taron ya kafu a hutun farkon watan Agusta, lokacin sanyin hamada. Maza na buga ƙwallo a fili marar ciyawa, jar ƙasa tsantsa, wasu ba takalmi, ƙura na tashi har ta rufe sanduna. Mata suka riƙe wasan sofbol da ƙwallon kwando, kuma ba su ɗauki nasu da wasa ba. Aka haɗa da tsere, da jifan mashi, da jifan bumaran, da raye-rayen gargajiya, da dare kuma makaɗan garuruwa su yi gasa. Baƙi kan yada zango a bayan gari, galibi kowane ayari ta ɓangaren da ke fuskantar ƙasarsa. Idan aka yi rasuwa, makoki na gaba da komai, ana iya ɗage wasa saboda shi. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1967 da dokar mallakar ƙasa ta 1976, mulkin garuruwan ya koma hannun majalisun mutanensu, shirya taron ma haka. Garuruwa da dama suka kafa nasu, har lokacin sanyi ya zama zagaye: wannan mako a nan, mako mai zuwa a can.

Can arewa labarin ya ɗan bambanta. A tsibiran Tiwi wani ɗan mishan na Katolika, John Pye, ya kai wasan a 1941, kuma wasan ƙarshe na gasarsu, wanda aka saba yi a watan Maris, na janyo baƙi daga Darwin da jirgin ruwa da na sama. Daga nan Maurice Rioli ya fito, wanda aka zaɓa gwarzon wasan ƙarshe na babbar gasar Victoria a 1982.

Barunga, kudu maso gabas da garin Katherine, ita ta nuna iyakar abin da irin wannan taro zai iya ɗauka. An fara bikin wasanni da al'adu na garin a 1985. A watan Yuni na 1988, shekarar da Ostareliya ke murnar cika shekara 200 da zuwan Turawa, Firayim Minista Bob Hawke ya halarta. Galarrwuy Yunupingu da Wenten Rubuntja, shugabannin majalisun kula da ƙasar 'yan asali na arewa da na tsakiya, suka miƙa masa takardar buƙatu kewaye da zanen gargajiya, suna neman 'yancin tafiyar da al'amuransu, da haƙƙin ƙasa, da yarjejeniya tsakaninsu da gwamnati. Hawke ya yi alkawarin yarjejeniya nan da 1990. Ba a yi ba. A 1991 makaɗan Yothu Yindi suka fitar da waƙar Treaty, wato yarjejeniya, suna tuna masa, shi kuwa abin da ya iya shi ne rataye takardar a ginin majalisa a ranarsa ta ƙarshe kan mulki, cikin Disambar wannan shekara. A 2018, a bikin dai, gwamnatin Yankin Arewa ta sa hannu da majalisun kula da ƙasar 'yan asali huɗu kan fara tattauna batun.

Yuendumu ta sami nata gwarzon a 2009, lokacin da Liam Jurrah ya fara buga wa kulob ɗin Melbourne, shekara guda bayan Magpies sun ɗauki kofin gasar Alice Springs. A 2010 ya ci kyautar kamun ƙwallo mafi kyau na shekara. Zamansa a can bai wuce 2012 ba. Nisan gida da rikicin dangi da ya ɓarke a garinsu sun yi masa nauyi.

Abin da har yanzu ba a warware ba shi ne inda ya kamata a riƙa bugawa. Filaye masu ciyawa da fitilu suna Alice Springs, shi ya sa ƙungiyoyin ƙauyuka ke shiga birni da magoya bayansu. A 2023 majalisar birnin ta hana su filin Traeger Park, tana cewa taron na ƙara laifuka, kafin daga baya a sasanta. Masu son a mayar da wasannin gida sukan kawo misalin Ltyentye Apurte, wato Santa Teresa, inda aka shuka ciyawa a filin garin da taimakon kulob ɗin Melbourne, aka buɗe shi a 2021. Filaye da yawa na sauran garuruwan hamada suna nan da jar ƙasarsu.