Daga Tsargiya Zuwa Sankarar Mafitsara

A shekarar 1851, a birnin Alƙahira, likita Bajamushe Theodor Bilharz ya gano tsutsar da ke haddasa tsargiya. A 1911 kuma, likita Ferguson ya lura a Masar cewa daɗaɗɗiyar tsargiya kan rikiɗe ta zama sankarar mafitsara. Wannan tarihi ya shafi mutanen Jega, Aliero da Maiyama, inda noman fadama da wanka a gulbi ke kai jama'a cikin ruwan da tsutsar ke yaɗuwa.

A 1976, Alvaro Morales na ƙasar Kanada ya wallafa sakamakon gwajin zuba maganin BCG, rigakafin tarin fuka da ake yi wa jarirai, cikin mafitsarar majinyata tara. Maganin ya zaburar da garkuwar jiki, ta yaƙi sankarar. Sai dai nasarar ta fi shafar wani nau'in sankara dabam. Wadda tsargiya ke jawowa galibi tiyata take buƙata, kuma sai an zo da wuri.

Saboda haka jini a fitsarin yaro ba alamar balaga ba ce, maganin Praziquantel yana kashe tsutsar. Babba kuwa, da ya ga jini, ya nemi a duba mafitsararsa a asibitin koyarwa na Sakkwato ko na Birnin Kebbi.