Wasiyyar da Kakana Bai Rubuta Ba

Ina ɗan shekara goma sha biyu, a ƙarshen shekarun 1970, na ji kakana a zauren gidanmu na Fagge yana rantsuwa cewa babban ɗansa ba zai gaji ko anini daga gare shi ba. Limamin unguwa bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Alhaji, dukiyarka ce muddin kana numfashi. Ranar da ƙasa ta rufe idonka, sulusi kaɗai ke jin maganarka." Kaka ya ce ai wani abokin cinikinsa a Sabon Gari ya gaya masa lauya na iya rubuta takardar da za ta ɗaure kowa. Sai da na girma na gane cewa duka biyun gaskiya suka faɗa.

Fagge tsohon zangon fatake ne, kuma fiƙihun Malikiyya ke raba gado a cikinsa tun kafin Turawa su ci Kano a 1903. A wannan tsari wasiyya ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku, ba a kuma yi wa magaji ita sai da yardar sauran magada. Mace na da tumuni idan mijin ya bar 'ya'ya, rubu'i idan bai bari ba. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda malamai suka hango dabarar mai ƙeta: wanda ya saki matarsa a ciwon ajali, to za ta gaje shi ko da iddarta ta ƙare. Kyautar da ya yi a wannan kwanciya ma cikin sulusin ake lissafa ta.

Sabon Gari kuwa, tafiyar 'yan mintoci da ƙafa, an yanka ta ne wajen 1913 domin baƙin da jirgin ƙasa ya kwaso daga Kudu. Da su aka saba ganin lauya da rubutacciyar wasiyya bisa dokar Ingila ta 1837, wadda ta sakar wa mutum mara ya ba wanda ya so, ya hana wanda ya ƙi. Ingila da kanta ta rage wannan 'yanci a 1938, ta bai wa iyalin da aka yi wa ƙwauro damar kai ƙara. Mu kam an bar mu da tsohuwar, domin dokokin da muka gada su ne masu aiki a can ranar 1 ga Janairu, 1900.

Hanyoyin biyu sun yi karo a shari'ar Adesubokan da Yunusa. Wani Musulmi mazaunin Zariya ya yi wasiyyar Turawa, ya bar wa ɗansa guda abin da bai taka kara ya karya ba. Mai Shari'a Mohammed Bello, Bakatsinen da ya zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya a 1987, ya ce Malikiyya ta ɗaure hannun mamacin. A 1971 Kotun Ƙoli ta rushe hukuncinsa. A ganina Bello ya fi kusa da yadda mutane ke rayuwa, kuma daga baya jihohi irin su Kaduna da Kwara suka yi dokokin wasiyya da suka mayar da Musulmi ƙarƙashin iyakar shari'arsa. Makwabtanmu Ibo ma sun ga nasu sauyin a 2014, lokacin da Kotun Ƙoli, a shari'ar Ukeje, ta ce al'adar hana 'ya mace gadon ubanta ta saɓa wa tsarin mulki.

Ashe dai a wancan lokacin ƙofa a buɗe take ga kakana. Ya kai shekara yana cewa gobe zai tafi wajen lauya, kuma kusan kullum yana ratsa Sabon Gari zuwa rumfarsa. Bai taɓa tsayawa ba. Da ya rasu, alƙali ya raba gidan, kakata ta karɓi tumuninta, baffana ya sami ɗakuna biyu na ƙofar gida. Ba su shirya da mahaifinsa ba har ƙarshe. 'Ya'yansa ne ke zaune a ɗakunan yanzu.