Frida Kahlo, matar da ta zana ciwonta daga kan gado

1/ Ina kwance a asibiti sikila ta taso min na fara karanta tarihin Frida Kahlo, mai zane 'yar Meziko. Bari in ɗan gutsuro muku.

2/ An haife ta a 1907. Tana shekara 6 shan-inna ta kama ta, ƙafar dama ta sirance. Burinta ta zama likita.

3/ Ranar 17 ga Satumba 1925, bas ɗin da take ciki ta yi karo da jirgin ƙasa na cikin gari. Ƙarfe ya soke ta a ƙugu, ƙashin bayanta ya karye. Shekarunta 18.

4/ Ta yi watanni a kwance. Mahaifiyarta ta sa aka ƙera mata abin ɗora allon zane a kan gado, aka kafa madubi a samanta. Sai ta fara zana fuskar da madubin ke nuna mata.

5/ A 1944 ta zana kanta jiki a tsage, karyayyen ginshiƙi a madadin ƙashin baya, ƙusoshi ko'ina, tana hawaye. Wallahi da na ga zanen nan sai da na ajiye waya.

6/ A 1953 aka baje kolin ayyukanta a Meziko. A motar asibiti ta zo, a kan gado ta karɓi baƙi. A shekarar aka yanke ƙafar daman, ciwon damuwa ya yi mata rubdugu. Ta rasu a 1954.

7/ Zane bai warkar da ita ba. Amma ya sa mutane sun ga ciwon da baki ya kasa faɗa. Mu da ake cewa "ai ka ji sauƙi" alhali ƙashi na ci, mun san darajar wannan.