Shekara 19 Kafin Java Ta Iya Sarƙa Aiki da Aiki

A wannan makon za mu leƙa tarihin wata dabara da ke ƙarƙashin manhajojin da muke rubutu da su kullum, wato sarƙa aiki da aiki.

A yaren kwamfuta, aiki ɗan umarni ne mai karɓar abu ya mayar da sakamako. Idan aka miƙa sakamakon na farko ga na biyu, an sami sabon aiki guda. Jerin yana da muhimmanci: a ƙara 2 kan 5 sannan a ninka da 3, za a sami 21, a fara da ninkawa, 17 za a samu.

Dabarar ta girmi kwamfutar zamani. Tun shekarun 1930 Alonzo Church, masanin lissafi a Amurka, ya tsara lissafin lamda, inda aiki ke iya karɓar wani aiki. A 1958 John McCarthy ya gina yaren Lisp da wannan tunani.

A ƙasar Norwe kuwa, Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka fito da Simula 67, wadda ta kawo tsarin abu da aji, inda bayanai da ayyukansu ke zaune a gida ɗaya. Java, da ta bayyana a 1995, wannan hanya ta bi, har ya zama aiki ba ya fita shi kaɗai. Mai son miƙa ɗan aiki sai ya gina masa aji tukuna, ko da marar suna ne. Layi ɗaya ya koma biyar.

Sai a watan Maris 2014 Java 8 ta karɓi lamda, tare da compose da andThen, masu ɗaure aiki biyu su zama ɗaya. C# ta riga ta samun lamda tun 2007, Ruby kuma ta ƙara alamomin sarƙawa a 2018.

Mu da muke fatan ganin manhajar tace rubutun Hausa, wannan ya shafe mu. Wani aiki ya share tazarar da ta yi yawa, wani ya gyara ƙ, ɗ da ɓ, wani ya ƙirga kalmomi. Kowanne ana gwada shi daban, kuma idan ɗaya ya lalace, shi kaɗai za a sauya. Masu sha'awar koyon Java a cikinmu su fara gwaji da waɗannan ukun.

Allah Ya ƙara mana basira.