Tashar Jirgin Ƙasa ta Ngaundare

A ƙarni na 19, Ngaundare, birnin lamiɗo da ke kan tudun Adamawa a Kamaru ta yau, arewa take fuskanta: biyayyarta ga Yola, fataucinta da ƙasar Hausa da Borno. Jirgin ƙasa ne ya juya fuskarta zuwa teku.

Dogon da ya taso daga Duwala ya isa Yawunde a 1927, ya tsaya nan kusan shekara 40. Sai a 1964, zamanin Shugaba Ahmadu Ahijo, aka ci gaba da shimfiɗa shi domin ɗinke kudu da arewa. Ya kai Belabo a 1969, ya iso Ngaundare a 1974, tazarar kilomita 622 daga Yawunde.

A nan dogo ya tuƙe, kuma tuƙewar ce arzikin garin. Kayan Garwa da Marwa da Njamena a tashar ake sauke su, a ɗora wa manyan motoci. Shanu da auduga kuwa a nan suke shiga tarago. Dillalai da direbobi da 'yan dako duk da wannan sauke-ɗora suke ci.

An daɗe ana batun ƙarasa dogon zuwa Chadi. Ranar da jirgi ya fara wucewa da kayansa a rufe, su wa za su yi dako?