Yadda Alƙali Ya Koma Mai Ba da Shawara: Tarihin Kotu a Nijar

Tsakanin Katsina da Maraɗi babu wata tazara: jini ɗaya, harshe ɗaya, mazhabar Malikiyya ɗaya. Amma idan rigimar gadon gona ta tashi, Bakatsine gaban alƙalin kotun shari'ar Musulunci zai je, mutumin Maraɗi kuwa gaban mai shari'ar da ya karanci dokar Faransa. Wannan bambanci Turawan mulkin mallaka ne suka bar mana shi.

Kafin zuwansu, a manyan birane irin su Kano da Damagaram, sarki ke naɗa alƙali, shi kuma ya yi hukunci da littattafan fiƙihu kamar Risala da Muhtasar. Ƙa'idar sananniya ce: mai ƙara ya kawo shaidu, wanda ya musanta ya yi rantsuwa. Wanda bai gamsu ba sai ya kai kuka fada.

Ingilishi da suka ci Arewacin Najeriya sun bar alƙalai a kan shimfiɗarsu, sai dai sun hana hukunce-hukunce irin su yanke hannu, kuma Razdan na sa ido. Faransawa kuwa wata hanya suka bi. Dokarsu ta 10 ga Nuwamba 1903 ta tsara kotunan 'yan ƙasa hawa-hawa a Afirka ta Yamma, kwamandan Bature ke shugabantar ta sama. Daga baya ma ƙananan suka koma hannun ma'aikatan mulki. Malamai da dattawa suka zama mazauna gefe, ana tambayarsu abin da al'ada ta tanada. A nan ne kalmar "al'ada" ta haɗiye shari'a: a idon Faransawa, rabon gado na Musulunci al'ada ce kawai ta mutanen wuri. Ga kuma tsarin indijena, wanda ya ba kwamandan ikon ɗaure mutum ko cin sa tara ba tare da an zauna shari'a ba. Sai a 1946 aka soke shi, aka kuma mayar da shari'ar laifuffuka ƙarƙashin dokar Faransa.

Bayan samun 'yanci a 1960, Nijar ba ta rushe wannan gini ba, gyara shi ta yi. Dokar 16 ga Maris 1962 ta haɗe kotuna a tsari guda, dokokin 2004 da 2018 suka bi sawunta. Tushen hukunci ya zama iri biyu. Akwai rubutacciyar doka, wato kundin tsarin mulki da dokokin ƙasa, har da waɗanda aka gada daga kundin Napoleon na 1804. Akwai kuma al'ada, wadda ake aiki da ita a aure, saki, gado da rigimar gonaki, muddin ba ta ci karo da rubutacciyar doka ba.

Shi ya sa rigimar gona kan fara a zauren mai gari ko sarki, amma ikonsu na sulhu ne, ba na yanke hukunci ba. In sulhu ya gagara sai kotu, inda masana al'adar masu jayayya ke ba mai shari'a shawara, shi ya yanke. Wanda bai yarda ba ya ɗaukaka ƙara.

Matsalar ita ce al'ada ba a rubuce take ba, a bakin mutane take, kuma kowa ya san baki ya fi baki nauyi. Matar da mijinta ya rasu, 'yan'uwansa suka ce mace ba ta gadon gona a garinsu, alhali fiƙihu ya yanka mata rabonta, wace al'ada za a bi? Amsar ta dogara ne da wanda aka tambaya. Sanin wannan tarihi shi ne zai sa talaka ya gane cewa maganar zaure ba ita ce ta ƙarshe ba.