Cocin Holy Cross da Tarihin Aguda a Ikko

Da maƙwabcinmu na kasuwa, wani dattijo ɗan Katolika, ya rasu, iyalansa suka aiko wa ƙungiya takardar gayyata zuwa sujadar jana'iza a cocin Holy Cross da ke tsibirin Ikko. Aka yi ta ja-in-ja a zaure. Wasu suka ce, "Haba Alhaji, me zai kai Musulmi coci?" A ƙarshe dai mu biyar muka tafi, domin mutumin nan ya daɗe yana riƙe mana amana.

To, wannan coci tana da tarihin da ya shafe mu. Waɗanda suka fara Katolika a Ikko su ne Aguda, wato bayin da suka sami 'yanci suka dawo daga Birazil. A can jihar Bahiya sun yi bauta tare da Hausawa, waɗanda suka shirya bore a 1807. A azumin 1835 kuma bayi Musulmi suka sake tayarwa a birnin Salbado, bayan nan aka koro da yawa zuwa gaɓar Afirka. Shi ya sa a cikin Aguda akwai Kirista akwai Musulmi, wani lokaci ma a gida ɗaya.

Fada-fada na ƙungiyar SMA sun iso Ikko a shekarun 1860, suka tarar Aguda na yin addu'arsu da kansu. Maginan Aguda ne suka gina cocin farko, kuma wani magininsu, Joao Baptista da Costa, shi ya jagoranci ginin masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894. Ginin cocin na yanzu na shekarun 1930 ne, a 1950 kuma Ikko ta sami Akbishop.

Da muka shiga, aka ba mu benci a baya. Ƙararrawa ta kaɗa, ƙamshin turaren wuta ya cika wuri, mawaƙa na rerawa da Yarbanci. In sun tashi mu tashi, in sun durƙusa mu zauna shiru. Da aka zo karɓar gurasa ba mu je ba, ba wanda ya ce mana kanzil, don ta 'yan Katolika ce kaɗai.

A bakin ƙofa babban ɗan mamacin ya riƙe hannun Sarkinmu yana hawaye, ya ce, "Baba, kun zo!" Muka yi masa ta'aziyya, muka wuce masallaci don sallar azahar. Allah Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.